Ɗelu da Gaton Ɓawon Lemu

Duk wanda ya zauna Madarunfa, a unguwar da ke gangarawa wajen tafki, ya san Ɗelu mai alkaki. Ba ta taɓa ɗora tire a kai ta yi talla ba. Kiranta ake yi. In an sa ranar biki, ko an yi haihuwa, tun kafin a nemi wanzami an aika gidanta, domin alkakinta yakan yi wata uku cikin kwalla bai canja ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ci fankenta ya ce mai ya yi yawa ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga ƙarfin damtse, ga tsabta, har mata na jin nauyin ta leƙa tukunyarsu. Salla ba ta wuce ta. Surutu bai dame ta ba. Abu ɗaya ne in aka taɓo shi bakinta ke buɗewa, shi ne aikin mijinta.

Ƴar garin Safo ce. Tana da shekara ashirin aka kawo ta gidan Ɗan Azumi, yau shekara talatin da shida ke nan. Amma in aka tara kwanakin da suka yi gida ɗaya, da ƙyar su cika shekara huɗu, don shi a Yamai yake aiki. Yakan zo da ƙaramar salla, ya zo da babba, da sabulu da turmin atamfa, da tarin makullai rataye a ƙugu. Tun tana amarya ta taɓa tambayarsa sau ɗaya.

"Malam, wai wane aiki kake yi can?"

Ya ce, "Gidan wani injiniya nake, bature. Makullan mangaza, ɗakin ajiyar kaya, duk suna hannuna."

Ba ta sake tambaya ba, don a gidansu ba a koya mata tambayar miji sau biyu ba. Amma ta riƙe maganar, ta yi ta juya ta a ranta. Shekarun farko tana cewa mai gidanta ke riƙe da mangazar bature. Bayan ta yi haihuwa ta biyu, mangaza ta zama biro, wato ofis. Ita kanta ba ta san ranar da aka yi wannan canji ba. Da wannan magana ta yi renon ƴaƴa biyar ita kaɗai, ta binne biyu, ta aurar da uku. In wata ta yi mata gorin zama ba miji a gida, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Malam na biro, ba shi da lokacin zaman gindin itacen bedi." Daga nan mai gori ta ja bakinta.

Da daminar bana mutanen da yake wa aiki suka koma ƙasarsu. Ɗan Azumi ya dawo gida da akwati biyu, gemu ya yi fari fat, ya zauna. A nan Ɗelu ta fara sanin mutumin da ta aura. Ta lura tafin hannunsa ba na hauya ba ne, gonarsa ma ƙanensa Ɗanladi ke nomawa tun da daɗewa. Ta lura in ta kawo tuwo sai ya shinshina miya kafin ya sa hannu. Rannan ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Daddawa ta ɗan yi yawa." Ta tsaya da kwanon ruwa a hannu tana kallonsa. Tunda take ba wanda ya taɓa gyara mata miya. Wata rana kuma ta tarar an wasa wuƙaƙenta duka, an jera su daga babba zuwa ƙarama. Ta ce a ranta zaman banza ne ke damunsa.

Kaka ta shigo. Safiya ta fara sanyi, amalanke na wucewa ƙofar gida da dammunan gero, jakuna na nishi. Bayan la'asar maza su taru kowa na faɗin abin da gonarsa ta ba shi, wane dami tamanin, wane wake ya yi kyau gyaɗa ta ƙi. Ɗan Azumi na cikinsu yana jan casbi. Ba shi da abin faɗi.

Ranar wata Alhamis Ɗelu ta shirya zuwa Gabi gaisuwar rasuwa, da niyyar ta kwana wajen autarta Firdausi. Ta fita bayan asuba. Ta zauna tasha har hantsi mota ba ta cika ba, ƙarshe mai mota ya ce sai bayan azahar. Ta ce bari ta koma gida ta jira.

Tun daga zaure ƙamshi ya tare ta, ƙamshin lemu da man shanu da wani abu mai gasuwa. Ta ɗauka daga maƙwabta yake. Ta tura ƙofa.

Ɗan Azumi na tsugune bakin murhunta. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura wani farin ƙyalle daga ƙirji zuwa gwiwa, da igiya a wuya. Lemu ne a hannunsa, yana goga bayansa jikin murfin gwangwanin kifi da aka huhhuda da ƙusa, ɓawon na zuba mitsi-mitsi cikin ƙwaryarta, kan garin fulawa. Babbar tukunyarta ta ƙarfe, wadda ba ta fito da ita sai aikin biki, tana kan wuta, an zuba garwashi bisa murfin.

Jakar hannunta ta faɗi ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, lafiya?"

Abin da ya fara zo mata shi ne mutumin ya taɓu, ko an yi masa jifa. Ɓawon lemu a Madarunfa abu biyu ake yi da shi, a zuba wa awaki, ko a shanya a ƙona don sauro. Ba ta taɓa ganin mai hankali ya sa shi cikin abinci ba. Balle namiji, balle dattijo mai jikoki, tsugune inda ko yaro ɗan shekara goma ya tsuguna sai an kore shi.

Ya ɗago, lemu a hannu. "Ba kin tafi Gabi ba?"

"Mota ba ta cika ba. Mi kake yi da ƙwaryata?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma zaure da sauri ta rufe ƙofa, ta sa sakata, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Ta dubi katangar da ke tsakaninsu da maƙwabta, ta ga yau ta yi mata gajarta.

Ya ce, "Ɗelu, zauna." Ta zauna bisa turmi. "Ni kuku ne. Shekara talatin da takwas ina dafa wa mutane abinci. Gida uku na yi, ɗaya bayan ɗaya."

"Kuku?"

"Kuku."

"Makullan fa?"

"Na mangazar abinci ne. Shinkafa, sukari, mai. Ban yi maki ƙarya ba."

"To biron?"

"Biro ke kika gina shi, ni ban taɓa shiga ba. Da na zo salla na ji kina faɗa wa mata, na ga ya yi maki daɗi, sai na kasa rushewa."

Ɗelu ta rufe fuska da mayafi. Ta san abin da ake cewa a garin nan in aka ga miji bakin murhu. Ko dai matar ba ta iya girki ba, ko ta shanye shi da magani. Ita da aka sani da girki, na biyun za a ɗora mata. Ta tuna duk matan da ta rufe wa baki da biro, ta jera su a ranta ɗaya bayan ɗaya, sun fi ashirin. In wannan magana ta tsallaka katanga, sunan da ta yi shekara talatin da shida tana tattalinsa ya zama abin dariya a bakin rijiya.

Shi kuwa ya ci gaba da magana, hannunsa bai tsaya ba. Ya ce matar injiniyan farko ta koya masa. Duk shekara in wannan lokaci ya zo sai ta ce a ƙasarsu yanzu ganye ke zuba, sanyi na tafe, tana son wannan abu da shayi. Sikon take ce masa. Wani irin gato ne, wato kek, da dabino da zabibi da ɓawon lemu. Ya ce sai safiya ta yi sanyi yake yin kyau, shi ya sa ya jira kaka.

"Kowa ya kawo abin gonarsa, Ɗelu. Ni wanga ne abin hannuna. So nake gobe Juma'a in kai sadaka ƙofar masallaci, in ji ni ma na fitar da wani abu bana. Kuma ko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida."

Ta yi salati, sannan ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma ba kai za ka tsaya bakin rijiya ka gaya wa mata haka ba. Ni ce."

Ta juya masa baya tana kallon katanga, don idonta ya ƙi ganin mijinta yana kwaɓa gari. Ta wutsiyar ido dai ta ga abin da ke wurin, fulawa da sukari da man shanu, da nono, da yankakken dabino, da zabibi, da wata farar hoda cikin ƴar takarda, da ƙaramin kofin shayi da yake yanka ƙullun da shi. Ta ga rairayi ne ya zuba a gindin tukunya ya ɗora faranti a kai. Abin da aka zuba ta gani. Yadda aka yi da shi ba ta gani ba.

Ya kwashe garwashin, ya ɗaga murfi. Na farkon da ya sa sun gasu. Sun tashi sama kamar ƙananan rumbuna, kai ya yi ja, gefe ya tsage. Ya ɗauki ɗaya ya raba da hannu, tururi ya fito, ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Ya bar hannunsa a miƙe har ta ji kunya ta karɓa, ta yi bisimilla.

Abin ya narke mata a baki tun kafin ta tauna. Daga baya ƙamshin lemu ya biyo ta hanci, zaƙin dabino na zuwa jifa-jifa. Nan wani sabon tashin hankali ya same ta, wanda ya fi na farko. Abin ya fi alkakinta daɗi. Ta cinye, ta karkaɗe zane.

Can ta ce, "In zai fita gidan nan, da sunana zai fita."

Ya dube ta ɗan lokaci. Ya ce, "To."

Gabi ba ta je ba ranar. Washegari ya ɗauki kwano rufe da faifai ya kai ƙofar masallaci, ya ce sadaka ce daga gida. Kafin a gama gaisawa kwano ya koma wayam.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Binta. Ɗiyar kawun Ɗelu ce, taubashiyarta, aure ya kawo su unguwa ɗaya. Doguwa ce mai wushirya, muryarta na riga ta shiga gida, kuma tsakaninta da Ɗelu ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ina baiwata? Fito, muguwa! Shekara nawa muna tare kin ɓoye wanga abu? Mai gidana ya kawo mani rabi cikin aljihu, rabi fa, kamar mai ba yaro magani. Tun jiya yake kallon tuwona kamar na yi masa laifi."

Ɗelu ta ce, "Baiwa dai ke ce. Kuma tuwonki ya daɗe yana yi masa laifi, haƙuri ne da shi."

"Na ji. Ɗiyata ta kwana biyar da haihuwa, kin sani, suna jibi Litinin. Alkaki kowa ya gaji da shi. Gaton nan nake so. Gobe ki zo tsakar gidana ki yi, mata su gani su koya."

Ɗelu ta kau da ido. Ta ce, "Ko in yi a nan in aiko maki?"

"Yau kuma? Wane suna kika taɓa yi wa aiki a gidanki? Ko rowar hannu za ki fara da tsufa?"

Gaskiyar Binta ce. A unguwar nan aikin suna a gidan mai jego ake yinsa, ranar jajibiri, mata su taru kowa ta sa hannu don a raba lada. Wadda ta ce a ɗakinta za ta yi, an san akwai abin da take ɓoyewa. Ɗelu ta ce to, Allah ya kai mu.

Ɗan Azumi na zaure, ya ji duk abin da aka yi. Da Binta ta fita ya shigo.

"Zo in nuna maki. Ba ya ɗaukar lokaci. Duk abin a hannu yake."

"Malam, ni za ka nuna wa ƙullu? Tun ina goyo nake ganin ana kwaɓa alkama. Na ga abin da ka zuba."

"To ki dai bar man da sanyinsa, kuma kada ki..."

Ta riga ta ɗauki bokiti ta fita. A ranta tana cewa ya isa haka. Ta haɗiye kuku, ba za ta haɗiye zama ɗalibarsa a bakin murhunta ba.

Lahadi da hantsi mata sun kai goma sha biyar a tsakar gidan Binta. An shimfiɗa tabarmi, jaririya na kuka a ɗaki, Binta ta sayo komai yadda aka faɗa mata, har da ƙari. Ɗelu ta zo da babbar tukunya da rairayi da farar hodar da ta ɗebo a gida. Ta ɗaura zane a ƙugu ta yi bisimilla, aka zuba mata ido.

Man shanun ɗanye ne, curi-curi cikin ruwa yadda ƴar Fulani ta kawo shi. Ɗelu ta tuna Malam ya ce wani abu a kan sanyi. Amma wace macen kirki ce za ta sa ɗanyen mai cikin abincin baƙi, ga mata na kallo? Ta ɗora shi a wuta ta soya, ta jefa ƴar albasa don kashe gafi kamar yadda uwarta ta koya mata, ta tsame albasar, ta juye man da zafinsa cikin gari.

Ta ce a ɓare lemu. Aka ɓare, aka miƙo mata tsokar. Ta ce a'a, ɓawon take so.

Wata ta ce, "Ɓawo? Sauro za mu kora?"

"Haka ake yi a Yamai."

Mata suka dubi juna. Goge shi a murfin gwangwani ya yi mata kama da wasan yara, sai ta sa aka zuba ɓawon cikin turmi, da farin da ke cikinsa da komai, aka kirɓa shi lilis. Ta zuba nono, ta zuba dabino da zabibi da hoda, ta haɗa. Ƙullun ya fito yaga-yaga, yana rabuwa. Ɗelu ta ji kunya. Ƙullu mai tsaga ai na raguwa ne. Ta durƙusa ta sa ƙarfi, ta murza, ta naɗe, ta buga. Da ta gaji wata ta karɓa, wata ta karɓa, don kowa ta samu ladan. Ta ƙarshe da ta murza ita ce Bushira, wata yarinya ƴar garin Sarkin Yamma da aka kawo unguwar bara, mai kunya, ba ta ɗaga ido. Ƙullu ya yi sumul yana sheƙi, har aka yaba. Ɗelu ta rufe shi da ƙyalle ta ajiye a rana ya tashi, yadda ake yi wa fanke. Sai da aka yi azahar sannan ta yanka da kofin shayi, ta jera, ta rufe tukunya, ta zuba garwashi.

Da lokaci ya yi ta ɗaga murfin.

Ba su tashi ba. Sun kwanta shafe-shafe, baƙi-baƙi, kamar duwatsun bakin gulbi. Binta ta ɗauki ɗaya tana hurawa, ta kai baki ta gatsa.

"Wayyo haƙorina!" Ta ƙwanƙwasa shi jikin turmi, ya yi ƙwas-ƙwas. Ta lasa ta tofar. "Ɗaci! Da warin albasa! Ɗelu, wanga jifar tsuntsu za a yi da shi a gona?"

Ɗelu na tsaye da murfi a hannu, zufa na bin bayanta. Tunda take aikin biki ba ta taɓa buɗe tukunya ta ga abin kunya ba.

Mata suka shiga nema mata mafita, don ba wadda hankalinta ya ɗauki cewa Ɗelu ta ɓata abinci. Wata ta ce fulawar ce tsohuwa. Wata ta ce wuta ta yi yawa. Sai wata daga baya ta ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Hannu dai. Akwai hannun da in ya taɓa ƙullu ba ya tashi. Wa ta murza daga ƙarshe?"

Idanu suka juya wajen Bushira. Yarinyar ta dubi tafin hannunta, ta ɓoye su cikin mayafi. Ɗelu ta san irin wannan magana. In ta manne wa mace, ba a sake kiranta aikin biki, ba a ba ta jariri ta ɗauka, har ta tsufa ana nuna ta da baki. Kuma hanya ce a buɗe. In ta yi shiru kawai, sunanta ya tsira, ba ta ma yi ƙarya ba. Ta ji shirun na mata daɗi, abin ya ba ta tsoro. Ta tuna yanzun nan ta sa goshi a ƙasa.

Ta ajiye murfin.

"Ku bar yarinyar nan. Hannunta lafiya lau. Nawa ne. Ban iya ba. Na ranar Juma'a ba ni na yi ba."

Binta ta ce, "To wa ya yi?"

"Malam."

"Wane malam?"

"Malam nawa. Kuku ne. Abinci yake dafa wa mutane a Yamai tun kafin a kawo ni. Ba ya biro, bai taɓa yi ba. Ni na faɗa, ni kuma na ƙara."

Sai salati ya ɓarke ta ko'ina, ana tafa hannu. Binta ta buɗe baki ta kasa rufewa, ta lalubi turmi ta zauna.

"Ɗan Azumi? Da gemun nasa? Bakin murhu?"

Wata ta fashe da dariya, wasu suka bi. Wadda ta yi maganar hannu ta ja mayafi ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin yadda mutum zai dawo ya zauna sai abin da mace ta ce, ashe da dalili. Ɗelu na tsaye tana jin duk abin da ta ji tsoro yana faɗowa kanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sunkuyar da kai ba, don ta ga sunkuyarwar ba za ta rage komai ba.

A bakin ƙofar ɗakin mai jego akwai tsohuwa Ladi, ungozomar unguwa, tana gyara ganyen wanka. Tun safe ba ta sa baki ba. Ta yi gyaran murya.

"Ku gama dariyar in ba ku nawa. Marigayi mai gidana shekara ashirin da biyu yana zuwa ci-rani Ikko. Kullum ya ce kasuwanci. Sai bayan an yi sadakar arba'in abokin tafiyarsa ya gaya mani kwanoni yake wankewa a rumfar wata mai tuwo. Kwanon rufin ɗakin da nake kwana ciki yau, da wankin kwanon nan aka saye shi. Allah ya jiƙansa, ya mutu bai iya gaya mani ba."

Aka ce amin, a hankali. Dariya ta mutu. Mafi yawan matan da ke wurin, nan da wata ɗaya in an gama sa hatsi rumbu, mazansu za su ɗauki jaka su tsallaka iyaka, sai kuma ruwa ya kusa sauka. Kowace ta koma kallon tabarma. Wata ƙarama ta ce, kamar ba da kowa take ba, "Ni nawa gadi ya ce mani."

Binta ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta share ido da bakin zane.

"To baiwata, kin kashe ni yau, Allah ya isa tsakanina da ke. Amma suna gobe ne, kuma na riga na cika baki a gari. Ga sauran fulawa nan. Tashi ki ɗauko mana shi."

Ɗelu ta gyara mayafi ta fita. Sai a hanya ta tuna asirin ba nata ba ne ita kaɗai. Shi ma yana da sahu a masallaci, yana da abokan zama, kuma ba ta shawarce shi ba.

Ta same shi a zaure, zaune bisa buzu.

"Malam, na faɗa."

"Kin faɗi mi?"

"Duka. Gaban mata goma sha biyar."

Casbi ya tsaya a hannunsa. Ya san kafin la'asar babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Ita kuma tana jiran faɗa, ta shirya ɗauka. Ta gaya masa maganar Bushira. Ya gyaɗa kai.

Can ya ce, "Gaton fa?"

"Dutse."

"Kin murza shi?"

"Mu shida. Muka sa shi rana."

"Man fa?"

"Na soya."

"Kin soya?"

"Da albasa."

Ɗan Azumi ya runtse ido ya dafe kai da hannu biyu. "La'ilaha illallahu. Da albasa, Ɗelu?" Tunda ta san shi ba ta taɓa ganin abu ya girgiza shi haka ba.

Ta durƙusa, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda gwiwa. "Malam, ka zo ka nuna mani. A gabansu."

Ya dube ta. Ya miƙe, ya sa hula, ya shuri takalmi.

Suka fito, shi a gaba ita a baya. A kwanar da ake bi zuwa gidan Binta dattawa huɗu na zaune bisa kututture, kuma daga yadda hirarsu ta yanke Ɗelu ta gane labari ya riga su isowa. Ɗaya daga ciki, Alhassan mai amalanke, ya ɗaga murya yana danne dariya.

"A'a, Ɗan Azumi! Ina zuwa haka da rana tsaka, har da rakiya?"

Ɗan Azumi ya rage tafiya. Ɗelu ba ta taɓa tanka wa maza a kan hanya ba. Ta matso har ta yi daidai da kafaɗar mijinta.

"Aikin suna za shi, Malam Alhassan. Ni na ɓata, ni na roƙe shi ya zo ya gyara. Wanda kuka cinye ranar Juma'a har kuna lasar yatsa, nasa ne."

Alhassan ya dubi ƴan'uwansa, ba wanda ya taimake shi. Suka wuce.

Sun yi ƴar tafiya Ɗan Azumi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mu fara biyawa wajen ƴar Fulani kafin ta tashi. Sabon mai za mu nema, ɗanye. Kuma ke za ki riƙe shi, amma cikin ruwa, kada ya narke."

Ta ce, "To, Malam."